Me ya sa zanena yake fitowa a sandare? Amsa kan yadda ake aiki da layi

Wani ƙanenmu ɗalibi ne ya turo tambaya haɗe da hotunan zanensa, buta da takalmi da fuskar wani dattijo, yace shi fa yana auna komai daidai, kamannin ma suna fitowa, amma in ya ajiye nasa kusa da na wasu sai yaga nasa a sandare ba rai, malaminsu kuma kullum magana ɗaya yake masa, wai ya gyara layinsa. Yana tambaya shin fensir ne matsalar ko takarda, sannan laifi ne in yana amfani da rula.

To ƙanena na duba hotunan da kyau, kuma ba fensir bane ba takarda bace. Idonka ma yana da kyau, hancin butar ya zauna inda ya kamata, wanda da yawa a nan suke faɗuwa. Abin da malaminku yake nufi shine layinka kauri ɗaya ne tun daga inda ya tashi har inda ya tsaya, ka danna fensir da ƙarfi ɗaya ka kewaye butar tsaf baka bar ko ƙofa ɗaya ba, gefen da haske yake duka da gefen da ke inuwa duk baƙinsu ɗaya, murfi da gindi duk ɗaya. Kamar mutum ne ya tashi yin jawabi da murya ɗaya, ba ɗagawa ba saukewa ba tsayawa ya numfasa, ko gaskiya yake faɗa gyangyaɗi za'a yi masa.

Fara da wannan: ɗauko butar ka ajiye a gabanka ka dube ta, akwai wani baƙin zare da ya zagaye ta? Babu. Abin da ke akwai kawai shine wurin da launin buta ya ƙare na bango ya fara. Kenan layi ba abu bane da kake kwafowa daga jikin buta, hukunci ne da kai mai zane kake yankewa, kace nan zan nuna iyaka da ƙarfi, nan zan sassauta, nan kuma ba zan ce komai ba. In baka yanke wannan hukuncin ba, hannunka zai yanke maka, shi kuwa hannun da ya saba rubutun aji da biro abu ɗaya ya sani, dannawa.

Ga yadda masu zane suke rabon kaurin, ba doka bace da aka saukar amma tana aiki kusan kullum. Inda abu ya taɓa ƙasa, wato gindin butar, nan ne layi yafi kauri da duhu, saboda nan haske baya shiga kuma nan ne ido yake gane cewa abin yana da nauyi, in ka bar gindin siriri sai butar tayi kamar tana shawagi. Gefen da ya juya wa haske baya ka ƙara masa kauri, gefen da hasken ke duka ka sirantar da shi, wani wurin ma ka ɗage fensir gaba ɗaya ka bar giɓi. Kada kaji tsoron giɓin nan, idon mai kallo zai cike shi da kansa, kuma wallahi cikewar da ido yake yi tafi wadda hannunka zai yi daɗi. Abin da ke kusa da kai layinsa yafi na nesa ƙarfi. Inda abu biyu suka haɗu ɗaya ya shiga gaban ɗaya, misali mariƙin buta ya gitta jikinta, layin na gaba shine zai wuce ba tsayawa, na bayan ya zo ya mutu a jikinsa, kuma daidai mahaɗar nan in ka ɗan ƙara duhu kaɗan sai kaga mariƙin ya taso. A zanenka layukan biyu sun haɗu sun yi kunnen doki, ba'a san wa ke gaba ba.

Sai abu na biyu da na gani, musamman a fuskar dattijon, layi gashi-gashi. Wato maimakon ka ja layi ɗaya daga kunci zuwa haɓa, sai kayi ta ƴan gajejjeru kana ɗora wani kan wani kana lallaɓawa. Wannan tsoro ne, kuma mai kallo yana ganin tsoron ko da bai san sunansa ba. Dalilinsa kuwa da yatsu kake zane, wuyan hannunka a kafe kan tebur, to yatsu iyakarsu taƙi kaɗan ne, dogon layi daga gwiwar hannu da kafaɗa yake fitowa. Gara layi ɗaya da ya ɗan kauce amma an ja shi da zuciya ɗaya, da guda ashirin da suka taru suka yi daidai.

Bayan layin gefe akwai layin da ke bin jikin abu, shi ne ɗalibai suka fi mantawa. In ka zana da'ira, faranti ce ko ƙwallo? Ba wanda ya sani. Amma ka ja layuka masu lanƙwasa a cikinta suna bin tudunta, nan take ta zama ƙwallo, ka ja su a miƙe ta koma faranti. Shi ya sa in zaka yi inuwa da jerin layuka, ba'a yinsu duk inda hannu ya ga dama, suna bin yadda jikin abin ya juya ne. In kana son ganin gwanintar wannan ba sai kaje gidan tarihi ba, zaro naira ɗari biyu a aljihunka, ka ɗauki fuskar Sardauna hoto da waya ka buɗa hoton sosai. Zaka ga babu wata inuwa da aka shafa, duk layuka ne da ɗige-ɗige, a kunci suna lanƙwasa suna bin kuncin, inda ake son duhu an matse su an kuma gitta musu wasu, inda ake son haske an buɗa tsakaninsu sun sirance har sun koma ɗigo. Rawanin ma haka, kowane naɗi da inda layinsa ya dosa. Wannan salon tsohon aikin masu sassaƙa zane a kan farantin ƙarfe ne a Turai, kuma har yau ana amfani da shi a kuɗi saboda kwaikwayonsa da wuya. Albrecht Dürer, Bajamushen nan na birnin Nuremberg da ya rasu a 1528, yana cikin waɗanda suka kai shi ƙololuwa. A 1515 ya zana karkanda alhali bai taɓa ganinta ido da ido ba, bayani da ɗan zanen wani kawai ya samu, shi ya sa ya yi mata jiki kamar ta sa sulke, dabbar ba haka take ba, amma saboda ƙarfin layinsa mutanen Turai suka daɗe ƙwarai suna ɗauka haka karkanda take. Kaga layi mai tabbaci har ƙarya yana iya sayarwa.

Maganar alkiblar layi kuwa a littattafan makaranta zaka ga an jera, wai kwantaccen layi natsuwa, tsayayye ƙarfi da kwarjini, karkatacce motsi, mai lanƙwasa taushi, mai zigizaga tashin hankali. Gaskiya ne gwargwado, don jikinmu ne ya koya mana, abin da ke kwance ba zai faɗi ba, abin da ya karkata ko dai yana gudu ko yana shirin faɗuwa. Dubi hoton hawan sallah, lokacin da mahaya suke tsaye suna jira duk mashi da sanda a tsaye suke, hoton shiru, da an saki dawaki a jahi sai komai ya karkata, wuyan doki, mashi, bayan mahayi, jelar rawani, ko ba'a zana ƙura ba kasan ana sukuwa. Amma kar ka haddace shi kamar karatu don cin jarrabawa kawai, don layi ɗaya ba shi da ma'ana shi kaɗai sai an ga maƙwabtansa. Karkataccen layi guda a cikin tsayayyu goma ihu yake, a cikin karkatattu goma kuwa ba wanda zai kula shi.

Akwai kuma layin da ba'a zana shi kwata-kwata amma yana nan. In mutum a cikin zane yana kallon wani wuri, idonka zai bi kallon nasa. In ka jera tukwane daga babba zuwa ƙarama, ko sawun ƙafa a rairayi, ido zai haɗa su ya mayar da su hanya. Da wannan mai zane yake jan mai kallo ya kai shi inda yake so, in bai kula ba kuma da shi yake fitar da mai kallo daga takardar gaba ɗaya, misali ka sa mutum a bakin gefe yana kallon waje.

Yanzu bari in zo inda nafi so, don abin yana ɗan ci min rai yadda ake koyar da wannan darasi kamar daga waje aka kawo mana layi a jirgi. Ƙanena in ka taɓa zama a makarantar allo ka riga ka riƙe kayan koyon layi da yafi fensir ɗinka. Alƙalamin gamba da aka fere bakinsa da faɗi, in ka ja shi ta wannan fuska ya ba da kauri, ka juya ta waccan ya ba da siriri, ba tare da ka ƙara dannawa ba, kaurin yana cikin kusurwar da ka riƙe shi ne. Dubi rubutun alarammomin Kano da na Barno, yadda cikin harafi yake cika ya yi nauyi sannan jelarsa ta sirance ta ɗauke, kuma tawada ba ta da kilina, in ka ja ka ja, shi ya sa hannun mai rubutun Alƙur'ani ba ya rawa, ya riga ya ga harafin a zuciyarsa kafin alƙalami ya sauka. A Bagadaza, Ibn Muƙla wanda ya yi waziri a daular Abbasiyya ya rasu a 940, shi ake jingina wa tsarin auna haruffa da ɗigon bakin alƙalami, tsawon alif ɗigo kaza, sauran haruffa kuma a auna su da alif ɗin da da'irar da ke kewaye shi. Wato tun sama da shekara dubu an zauna an yi wa kauri da tsawon layi lissafi. Kuma don kar kace wannan rubutu ne ba zane ba, Van Gogh ɗan ƙasar Holan da ake sayen zanensa miliyoyin daloli, lokacin da yake garin Arles a kudancin Faransa a 1888 da alƙalamin kara da yake ferewa da kansa ya yi zanukansa na gonaki da jiragen masunta, ɗigo nan, gajeren layi can, murɗaɗɗe a wani wuri, alkama da irin nata layin, ruwa da nasa, sama da nata, ba launi ko ɗaya amma kana jin zafin ranar. Nemi hotunansu a intanet ka gani, zaka rantse ɗan tsangaya ne ya ara masa alƙalami.

Zayyanar allon sauka ma darasi ce guda. Mai zayyana yana fara raba allon da layuka miƙaƙƙu, ya fitar da gidaje, sannan ya shiga cika su da saƙa da da'ira, kuma in ka lura layin da ya raba manyan gidaje yafi na cikin gida kauri, shi ya sa duk cunkoson adon ido baya ɓacewa. Wannan shine dai abin da nake ce maka kayi wa butarka, babban layi da ƙaramin layi kowa ya san matsayinsa.

Sai babbar riga. Mutane suna yaba mai ɗinki, kuma ya cancanta don aikin hannu na riga ɗaya yana cin watanni, amma kafin allura ta taɓa ƙyalle akwai wanda ya zauna da alƙalami da tawada ya zana aikin a jikin yadin, kuma a da sau da yawa malamai ne suke wannan saboda su ne hannunsu ya faɗa da alƙalami. Dubi aska takwas da idon mai zane. Askakan nan dogaye masu tsini suna gangarowa daga wajen wuya da aljihu, biyu manya sauran ƙanana, duk miƙaƙƙu masu kaifi suna jan ido ƙasa, sai a ɗaya ɓangaren ƙirji aka ajiye tambari, da'ira da layi yake zagayawa yana nannaɗe kansa, sannan ga layin da ya tashi ya haura kafaɗa ya zagaya baya ya sake yin wani tambarin. Kaifi a gefe ɗaya, nannaɗe a ɗaya gefen, kuma ba'a raba adon daidai-wa-daida hagu da dama ba, an tara nauyin a gefen aljihu aka bar wani wuri fili. Wanda ya fara tsara wannan bai shiga ajin zane ba amma abin da ake kira daidaito ba tare da kamanni ba ya gama shi. Kuma akwai wani abu da takarda ba zata baka ba, rigar sai an saka ta an naɗe hannuwanta a kafaɗa, in mai ita yana tafiya layukan suna motsi. Ni a ganina aikin kwamfuta na yanzu da ake yi wa riguna, duk da tsabtarsa da sauƙin kuɗinsa, inda yake faɗuwa kenan, layinsa ɗaya ne sak ko'ina, babu ɗan numfashin nan da hannu yake bari, irin ciwon da ke damun zanenka ne dai.

Dagin Arewa da kake gani a ƙofofi da tambarin hukumomi, gwada zana shi ka gani. Zaka gane wahalarsa ba a siffar take ba, a mahaɗa take, zare ɗaya ya hau, a gaba ya shiga ƙarƙashi, ya sake hawa, in ka kuskure guda ɗaya duk dagin ya kwance ya zama layuka da aka gicciye kawai. Babu atisayen da yafi wannan koya maka wa ke gaba wa ke baya, kuma a bayan littafinka ma zaka iya yi.

A bango kuwa layi yana da jiki. Maginan Zariya da Kano da Damagaram suna yin ado iri biyu, ko su ɗora ƙasa su tayar da layin ya yi tudu, ko su tsaga shi a jikin shafe tun yana ɗanye, kuma a duka biyun rana ce take ƙarasa zanen, da safe inuwar layin tana gefe guda, da la'asar ta koma ɗaya gefen. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, in ka ga hotunan cikin ginin zaka ga yadda bakan gizo, wato lanƙwasassun ginin nan da ke riƙe rufi, suke tasowa daga ginshiƙai su haɗu a sama, ga tsage-tsage a jikin ginshiƙan suna raka ido sama, ginin ƙasa ne mai nauyin gaske amma layukan sun sa yana miƙewa. Daga baya da siminti da fenti suka zo, a Zariya har keke da mota da jirgin sama an riƙa sakawa a adon fuskar gida.

Juya naira ashirin kuma, matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Adon tulunanta tsagawa take yi a jikin yumɓu, ƙadangare, kunama, kada, kifi, hawainiya, ta raba jikin tulun gida-gida da layuka ta sa kowace dabba a gidanta, ta cika jikin dabbar da ƴan layuka a jere. Abin lura shine a kan abu mai tudu take zane ba shimfiɗaɗɗe ba, don haka kowane layi dole ya bi cikin tulun, shi ya sa adon yake ƙara wa tulun cika maimakon ya zauna a kansa kamar baƙo. Masu zanen ƙwarya da masu lalle duk wannan matsalar suke warwarewa kullum, mai lalle ta san layin da zai yi kyau a tafin hannu ba shi zai yi kyau a zagayen yatsa ba.

In kuma tsufa ake nema, a Dabous da ke arewa da Agadas a Nijar akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da ruwa, babban ya haura mita 5. Daga bakin kowanne akwai wani layi da ya gangaro yana lanƙwasa har zuwa wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa, masana wasu sun ce igiya ce wasu sun ce alama ce ta wata alaƙa tsakanin mutum da dabbar. Layi ɗaya tak, ya haɗa abu biyu ya mayar da hoto labari.

Masu zanen zamani da suka yi suna a nahiyar nan da yawansu komawa irin wannan gadon suka yi. A Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suna cewa a koyi dabarar Turawa amma a haɗa da abin gida. Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, siririn layi mai tafiya yana lanƙwasa da fili mai yawa da aka bari, ya mayar da shi harshen zanensa, daga baya ya kai shi jami'ar Nsukka ya zama salon zane guda da ake koyarwa. A Sudan kuma Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, ya je Landan ya yi karatun zane ya dawo, sai ya ga mutanensa ba su damu da abin da ya koyo ba, ya koma ga harafin Larabci da adon gida yana warware harafi yana fitar da fuskoki da siffofi daga cikinsa. An ɗaure shi a kurkukun Kober a 1975 ba tare da shari'a ba, bayan fitowarsa ya daɗe yana aiki da baƙar tawada da farar takarda kawai, kuma a 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa. Batun zanen mai rai da na san wani zai tayar, wannan ka kai wa malamanka, ni ba fagena bane, abin da zan ce kawai duk abin da na lissafa na allo da riga da dagi da bango ya ishe ka koyon layi har ka tsufa ba ka zana ko ƙuda ba.

To me zaka yi daga gobe. Ka ajiye kilina tukuna, ka koma biro ko alƙalami da tawada na ɗan lokaci, don muddin kasan zaka iya gogewa ba zaka taɓa yin niyya kafin ka ja ba. Samu takarda mai arha, ko bayan tsofaffin takardun fotokwafi, ka sa ɗigo biyu nesa da juna, ka shawagi da hannu a sama daga wannan zuwa wancan sau biyu uku ba tare da ka taɓa takarda ba, sannan ka sauke ka ja sau ɗaya, idonka a kan ɗigon da zaka je ba kan bakin biro ba. In ya kauce ka bar shi, kar ka bi shi da gyara, ja wani. Cika shafi da wannan, cika wani da layin da ya fara siriri ya yi kauri a tsakiya ya sake sirancewa, wani shafin kuma da'ira da siffar ƙwai, don bakin kofi da bakin buta da taya duk siffar ƙwai ce in an kalle su a karkace, kuma kusan kowane ɗalibi yana yi mata kusurwa a gefe kamar ido, alhali ba ta da kusurwa ko kaɗan.

Sannan ka zana hannunka na hagu kana kallon hannun kawai, kar ka duba takarda ko sau ɗaya, biro kuma kar ya ɗaga, idonka yana tafiya a hankali a gefen yatsa biro yana binsa. Abin da zai fito zai baka dariya, yatsa a nan farce a can, amma ka duba layin da kyau zaka ga yana da rai fiye da duk abin da ka turo min, saboda a karon farko abin da ke gabanka ka zana ba abin da kake zaton ka sani ba. Kishiyar wannan kuma ka zauna bakin kasuwa ko tasha ka riƙa kama mutane cikin daƙiƙa talatin, mai turin baro, mai ɗauke da tire, ba fuska ba yatsu, layi ɗaya da ya tashi daga kai ya bi gadon baya ya sauka a ƙafar da ke ɗauke da nauyi, shi zaka fara nema, sauran duk a kansa suke rataye.

Na lura fuskar dattijon da gidan dara ka kwafe ta daga hoto, wato ka raba hoton da takardar gida-gida da layuka kana kwafar kowane gida, akwai sawun layukan a ƙasa. Ban hana ba, masu zanen fensir da ke fitowa kamar hoton kyamara suna burge mutane kuma suna samun kuɗinsu, haƙurinsu ma abin yabo ne. Amma wannan hanyar tana koya maka kwafar duhu da haske gida-gida ne, ba ta koya maka yanke hukunci, ga kuma gogar inuwa da yatsa ko auduga da ke binne duk layin da ka ja. In ita kaɗai ka riƙe, ranar da aka ce zana wannan mutumin da ke zaune gabanka sai hannu ya ɗau rawa.

Rula ba laifi bace. In gini kake zanawa ko titi da kake son layukansa su tafi su haɗu a wuri ɗaya can nesa, yadda layin dogo yake yi in ka tsaya tsakiyarsa, ko kana raba gidajen zayyana, ɗauki rularka. Amma kar ka haɗa layin rula da na hannu a jikin abu ɗaya, suna faɗa, na rular zai sa na hannun ya zama kamar kuskure. Dabarar da yawancinmu muke yi ita ce a ja na rula da fensir mai tauri a hankali yadda da ƙyar ake ganinsa, sannan a bi kansa da hannu.

Fensir kuwa guda uku sun ishe ka, HB da 2B da 6B. Masu H tauri gare su layinsu fari-fari ne siriri, masu B laushi gare su suna ba da baƙi, lambar tana hawa abin yana ƙaruwa, bambancin yawan yumɓun da aka cakuɗa a bakin ne. Ka fere da reza bakin ya fito da ɗan tsawo, yadda in ka tsayar zai baka siriri in ka kwantar ya baka faffaɗa, kuma in zaka yi babban zane ka riƙe shi daga can baya a ƙarƙashin tafin hannu, ba riƙon rubutu ba. Gawayin murhu ma yana yi, musamman na itace mai laushi, a kan takardar buhun siminti da aka buɗe aka kakkaɓe. In a waya ko tablet kake zane da manhaja irin su ibisPaint, akwai wani saiti da yake gyara maka rawar hannu, ka rage shi sosai lokacin atisaye, ka kuma duba ko alƙalamin naka yana jin dannawa, don in baya ji duk layin da zaka ja kauri ɗaya zai fito komai ƙoƙarinka.

Ka sake zana butar nan, ita dai, a wuri ɗaya, amma ka ajiye ta kusa da taga yadda haske zai zo mata ta gefe guda, ka turo min da tsohon zanen da sabon a jere.